Odiel Ya Mutu a Bayan Wani

Litinin, 3 ga Maris

Odiel ya mutu jiya. A kan keke, a tsakiyar tudun bayan garin Ronse. Zuciya ce, in ji su.

Gilbert ne ya bugo waya, shugaban ƙungiyarmu ta masu keke, da wannan muryar tasa ta karanta sanarwa. Wai ya ga ya dace in ji daga bakinsa kafin in tsinta a gari. Na ce na gode, na ajiye. Mieke tana yanka albasa, ta juyo ta ce, "Wa?" Na ce, "Makahon." Ta ajiye wuƙar. Tun da na auri matar nan ba ta taɓa ajiye wuƙa don wata magana tawa ba.

Shekara ashirin da wani abu ina gaba yana baya a kan keken nan mai sirdi biyu. Ni ne ɗan jagoransa. Amma ba a bayana ya mutu ba. A bayan Dries ya mutu, wanda ya ɗauka bara da ya yar da ni.

Ban yi kuka ba. Na ci abincina tas.

Talata, 4 ga Maris

Ruwa tun safe. Ban fita ba.

Laraba, 5 ga Maris

Mieke ta ce, "Duk unguwa sun je wa matarsa Lutgart gaisuwa, har mai kantin magani. Kai kaɗai ka rage, Fons."

Na ce sai gobe.

"Goben jiya ce yau."

Me zan je in ce mata? Ya haƙuri, mijinki ya mutu a bayan wanda ya fi ni ƙarfin ƙafa?

Bari in rubuta yadda abin ya faru, tunda yanzu kowa zai fara yi wa labarin kwaskwarima. Bara, a tseren tsofaffi na watan Afrilu, gwiwata ta dama ta ƙi a hawan ƙarshe. Muka zo na huɗu. Na huɗu kuwa ba abin da ake ba shi sai tafi. A mashayar Simonne bayan tseren, Odiel ya ɗaga tambulan ɗin giyarsa ya ce, "Jama'a, doki ya tsufa." Aka yi dariya, ni ma na yi, don zagin juna ne abincinmu tun asali. Ba a jima ba Gilbert ya tare ni a bakin titi yana sosa ƙeya, wai Odiel ya ce a faɗa min zai gwada wani. Dries, malamin makarantar nan mai dogayen ƙafafu, ɗan shekara arba'in. A faɗa min. Tsakanin gidansa da nawa tafiyar ƙafa ce, bai zo ba. Waya ma bai buga ba.

An ci moriyar ganga, an yar da kwaurenta.

Tun ranar ban ƙara saka rigar ƙungiya ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau ma ban je ba. Mota na wanke.

Ina wanki ina tuna farkonmu. Lokacin ina tuƙa bas, shi kuma idanunsa sun gama rufewa, irin cutar da ta ci na mahaifiyarsa. Kullum sai ya shigo ya zauna daf da ni yana gyara min tuƙi. "Direba, wannan birki ne ko fushi?" Wata rana na gaji na ce in ka iya zo ka karɓa. Ya ce bas ba zai iya ba, amma yana da wani keke a gareji mai neman mai ido, in ba tsoro nake ji ba. Fitarmu ta farko a cikin lambatu ta ƙare, gefen gonar masara. Muna kwance cikin taɓo ya ce, "To wai tsakaninmu wane ne mai idon?"

Daga baya muka zama abu ɗaya. Ba sai na ce ga kwana ba, jikinsa ya riga ya karanta daga kafaɗata. Ni kuma numfashinsa yana ƙeyata. Da shi nake sanin ko jiya ya wuce gona da iri a wurin Simonne, ko sun yi faɗa da Lutgart, ko mura na tafe. Aikina in riƙa faɗa masa abin da ke hanya, rabi ƙarya. In ce ga raƙumi a gonar Baert, ya ce mai tozo nawa? In ce ga wata kyakkyawa tana ɗaga masa hannu, ya miƙe a sirdi ya gyara hula, alhali tsohon nan ne mai sayar da dankali. Ya san ƙarya nake. Amma in na yi shiru sai ya dungure min baya: "Ɗan jagora, an kashe rediyon ne?"

Numfashin nan nake ta tunani. Mutum ba ya faɗuwa haka kawai, sai numfashi ya fara canzawa. Da ni ne a gaba, da na ji tun daga gindin tudu.

Juma'a, 7 ga Maris

Mieke ta goge baƙin kwat ɗina ta rataye shi a ƙofar ɗaki, inda dole in gan shi.

Asabar, 8 ga Maris

An binne shi.

Coci ta cika har waje. 'Yan ƙungiya duk sun zo cikin riga mai ruwan ɗorawa, ƙarti da tumbi, sun jeru a bakin ƙofa kowa riƙe da tayar keke, za su ɗaga sama akwatin ya wuce ta ƙarƙashi. Gilbert ya miƙo min wata taya. Na ce hannuna yana ciwo. Ya ce, "Ai da gwiwa ce." Na ce ya bazu.

Shi ya yi jawabi. Jarumi, wanda bai taɓa barin duhu ya hana shi ba, abin koyi ga matasa. Wannan Gilbert ɗin ne fa, da Odiel ya nemi shiga ƙungiya ya tsaya kai da fata wai makaho zai jawo mana haɗari. Ni na buga tebur ranar. Yau shi ne mai share hawaye da hankici. Ya ambaci Dries, "wanda ya kasance tare da shi har numfashinsa na ƙarshe." Ya ambaci mai kantin keke. Ya ambaci Simonne. Sai a wajen ƙarshe, kamar mai tuna ya bar wuta a kunne, ya ce, "da kuma abokinmu Fons."

Aka raba ɗan katin tunawa mai hotonsa. Na gane hoton tun daga nesa: ranar da muka ci kofi a garin Zottegem, yana dariya ya ɗaga hannu ɗaya sama. An yanke ni. Abin da ya rage nawa a gefen katin shi ne gwiwar hannu da rabin mazaunai. Na nuna wa Mieke. Ta toshe baki da hankici, mutane suka ɗauka kuka take.

Dries yana can baya wajen ƙofa, hannu a naɗe da bandeji, don tare suka faɗi. Ba rigar ƙungiya a jikinsa. Ba wanda ya je kusa da shi, kamar mai cuta. Ya dube ni sau ɗaya, na kau da kai.

A maƙabarta aka yi layin gaisuwa. Da na zo gaban Lutgart na kama hannunta. Ita ce ta ce, "Ka rame, Fons." Na ce, "Ke ma." Na baya ya turo ni. Gaisuwar ke nan.

Wajen shan gahawa an kawo burodi da cuku da yankan nama. Kafin a zagayo da buta ta biyu har sun koma musun wanda zai ci tseren bana. Na ci burodi biyu na fito.

Lahadi, 9 ga Maris

'Yan ƙungiya sun wuce ta ƙofar gidana da safe kamar kullum, ƙarar tayoyi da surutu. Ko kwana biyu ba su bari ya yi a kabari ba. Na ja labule.

Talata, 11 ga Maris

Na je sayen burodi, sai ga shi na tsaya a daidai inda muka yi maganarmu ta ƙarshe da Odiel.

Kafin Kirsimeti ne. Ina layi, ya shigo da farar sandarsa. Na yi tsit don kada ya san ina nan, sai tari ya kama ni. Ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, ya ce, "Har yanzu ba a gyara salansar tsohuwar bas ɗin nan ba?" Kamar jiya muka rabu. Kamar ba abin da ya faru. Mutane suka yi dariya.

Na ce, "Ya sabon doki?"

Ya ce, "Yana ja."

Shi ke nan. Ya karɓi burodinsa ya fita. Na jira ya ƙara ko kalma ɗaya, bai ƙara ba. Ya san ina jira. Makaho ne, ba kurma ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na je wurin Lutgart, don Mieke ta dafa miya ta ɗora min tukunyar a hannu ta rufe ƙofa a bayana.

Falon cike da furanni sun fara wari. Kofunan tserenmu na nan jere a kan kabad, ta kifa wasu don ƙura. Ta zuba min gahawa. Na ce abin da ake cewa: ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, ya ba ki dangana. Ta ce amin kamar mai karɓar canji.

Sai na tambaye ta abin da ya kai ni. Na ce ko ya taɓa faɗa mata dalili. Ina tsammanin, ban sani ba, za ta ce likita ne ya faɗa masa wani abu, ko ya tausaya wa gwiwata, ko wani abu dai da mutum zai riƙe.

Ta ce, "Dalili? Kofi yake so. Ya ce da kai ba zai ƙara ci ba, kuma shekarunsa sun ƙure. Na ce masa ka je ka faɗa wa mutumin nan da bakinka. Ya ce Fons zai huce."

Na ce to ban huce ba.

"Na sani. Shi ma ya sani. Bai hana shi barci ba."

Ta ɗauki biskit ta karya, ba ta ci ba. Ta ce, "Kada ka zo min nan da fuskar wanda aka cuta, Fons. Kai shekara ɗaya ka rasa shi. Ni kowace Lahadi ta rayuwata a wannan tagar na yi ta. Baftismar jikarsa ya bari ya tafi tsere, kai ka zo ka ɗauke shi, har da yi min hon da ƙararrawa. Ni nake wanke rigar, ni nake yanka masa nama a faranti, ni nake karanta masa wasiƙu. Ku kuna da kofi."

Na ce miyar tana buƙatar gishiri kaɗan, haka Mieke take yi.

Da zan fita na hangi keken ta ƙofar gareji, an jingine shi da bango. Robar da aka naɗe hannun gaba da ita ta yage. Ban shiga ba.

Asabar, 15 ga Maris

Bai hana shi barci ba.

Litinin, 17 ga Maris

Gilbert ya zo har gida, ya zauna a kujerata. Za su yi hawan tunawa ƙarshen wata, daga coci zuwa tudun. Tunaninsa shi ne in hau keken a gaba ni kaɗai, sirdin baya babu kowa sai furanni. Za a gayyaci ɗan jarida.

Na ce, "Dries fa? Ai shi ne ɗan jagora."

Ya ce Dries ba ya ɗaga waya, kuma dai, ka gane, ba zai yi kyan gani ba.

Wato yanzu na yi amfani. Dokin da ya tsufa ya isa jan furanni. Na ce masa ya hau da kansa, tumbinsa zai cike sirdin biyu, an huta da sayen fure. Mieke ta raka shi ƙofa tana ba shi haƙuri. Da ta dawo ta ce, "Bakinka zai kashe ka." Amma na ga tana cije leɓe.

Alhamis, 20 ga Maris

Na ɗauki kekena na kaɗaici na fita bakin kogi. Ba nauyi a baya, yana ta rawa kamar ba a ɗaure shi da komai ba. Shekara guda ina hawansa, ban saba ba.

Tambaya ɗaya ce ke cina. Dries ya ji canjin numfashin ko bai ji ba? In bai ji ba, me yake yi a gaba? Sai na ji daga bakinsa.

Asabar, 22 ga Maris

Na je gidan Dries. Ba gaisuwa ta kai ni ba, kuma ba zan yi wa takarda ƙarya ba.

Matarsa ta buɗe, ta gan ni, fuskarta ta canza. Ta ce yana baya. Na same shi a lambu yana tsaye da cebur a hannu, ba ya haƙa komai. Gemu ya fito masa. An cire bandejin, fatar ta yi ja. Ya ce, "Fons," ya nemi ya miƙo hannu, na sa nawa a aljihu.

Na ce, "Numfashinsa. Ba ka ji ba?"

Ya dubi cebur ɗin da ke hannunsa.

Na ce, "Mutum yana ƙeyarka. Da ni ne da na ji tun daga gada. Ko kana can kana kallon agogon gudu?"

Na shirya maganar nan tun daga gida, har da abin da zai biyo baya. Ban kai ga sauran ba.

Ya ce, "Na ji."

Ya jingine ceburin. Ya ce tun kafin gada ya ji, wani irin shaƙewa, kamar mai shan ruwa da tsinke. Ya sassauta. Odiel ya buga masa baya ya ce me ya faru, taya ce? Ya ce a'a, kai ne, mu tsaya ka huta. Odiel ya ce ba komai ba ne, sanyin safe ne. A gindin tudu ya sake cewa su tsaya, har ya taɓa birki.

"Sai ya ce min, 'In ka sa ƙafa a ƙasa, gobe in nemi wani. Na yi wa Fons ma, balle kai.'"

Haka ya faɗa, kalma da kalma, yana kallon takalminsa. Ya ce sai ya ci gaba da takawa. A rabin tudu ya ji fedar baya ta yi nauyi, keken ya karkata, suka zube. Ya danna masa ƙirji har motar asibiti ta zo. Ya ce bai faɗa wa kowa wannan ba, ko matarsa, don wa zai faɗa wa? A ce yana ɗora wa mamaci laifi?

Ya ce, "Da kai ne, da ka tsaya. Na sani."

Na ce masa wannan ba lokacin dasa dankali ba ne, ƙasa ba ta yi ɗumi ba. Na fito ta ƙofar gefe don kada in haɗu da matar.

Lahadi, 23 ga Maris

Na yi wa Fons ma, balle kai.

Wato sunana sanda ya zama a hannunsa, yana kaɗa wani da shi.

Litinin, 24 ga Maris

Da na tsaya? Ina ta juya abin. Akwai shekarar da muka yi tsere cikin ƙanƙara yana zazzaɓi, na ce mu koma, ya zage ni tas, muka gama. Akwai ranar da hular kwanonsa ta tsage bayan mun faɗi, jini har wuya, ya ce hau mu tafi, na hau. Wa ya taɓa tsayar da Odiel? Ko Lutgart ba ta iya ba, ita da take riƙe da farantinsa.

Ba wai na wanke Dries ba ne. Kawai dai yanzu ban san inda zan ajiye abin ba. Wanda ya dace in shaƙe yana ƙarƙashin ƙasa da furanni a kansa.

Mieke ta tambaye ni me muka yi da malamin. Na ce maganar dankali.

Lahadi, 30 ga Maris

Sun yi hawan tunawarsu. An ɗaure babban hoton a kan motar Gilbert, wancan dai mai rabin mazaunaina, aka zaga da shi gari. Ɗan jaridar bai zo ba. Na ji an ce an ƙare a wurin Simonne har da waƙa.

Ni gyaran famfon bayan gida na yi.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Lutgart ta bugo. Ba gaisuwa. "Ka zo Asabar ka ɗauke abin nan daga garejina, in ba haka ba mai gwangwan ya zo." Na ce ba nawa ba ne. Ta ce, "To ni ce mai shi?" Ta kashe.

Asabar, 5 ga Afrilu

Da na isa na tarar da Dries tsaye a ƙofar garejin. Ashe shi ma ta kira shi, ba ta faɗa wa kowannenmu ba. Ya yi aski. Muka gaisa da ka.

Ta turo keken da kanta har bakin titi. Ta ce, "Ku biyu kuka san kansa, ku raba." Dries ya ce shi ba ya so. Na ce ni ma. Ta ce, "To ku bar shi nan a sace," ta ja ƙofar gareji ta rufe, muka ji ta murɗa makulli.

Muka tsaya kamar waɗanda aka kora daga aji. A ƙarshe na ce a kai garejina tukuna, kafin a san abin yi. Muka fara turawa, shi a dama ni a hagu, ta tsakiyar kasuwar Asabar. Mai kifi ya daina yanka yana kallonmu. Wata tsohuwa har da yin alamar gicciye. Na ce, "Wannan keke ne, ba akuya ba. Ba a taɓa tura shi a garin nan ba."

Na ɗaga ƙafa zan hau gaba, sai na ga sirdin yana wajen ƙirjina, an ɗaga shi daidai dogayen ƙafafun nan na Dries. Ba mai sifana a cikinmu. Na baya kuwa yana nan yadda Odiel ya bar shi, kuma tsayinmu kusan ɗaya da shi.

Dries ya ce, "Ban hau komai ba tun ranar."

Na ce, "Ni ban taɓa zama a nan ba tun da aka haife ni. Hau."

Ban san haka abin yake ba. Ba birki a hannunka. Hannun keken ba ya juyawa, ƙarfe ne kawai a kafe. Ba ka ganin hanya, sai bayan mutum da ɗinkin rigarsa. Kwanar farko na nemi in juya da kaina, muka kusa shiga teburin mai furanni. Ya ce, "Fons, ka saki jiki." Ni ake ce wa in saki jiki. Da muka hau titin duwatsu haƙorana suka riƙa haɗuwa, kowane rami sai ya zo min ba sallama. Kuma ni ina da ido.

Kafaɗunsa a sandare suke, yana takawa kamar mai tafiya a kan ƙwai. Da muka zo kwanar gidana bai tsaya ba. Wataƙila bai san gidan ba ne. Ni ma ban ce ya tsaya ba. Muka gangara bakin kogi.

A can, inda ba kowa sai agwagi, na ce da bayansa, "Dries. Ya haƙuri."

Bai juyo ba, ba a juyowa a gaba. Keken ya ɗan yi rawa, ya daidaita shi. Mun yi nisa kafin ya ce, "Kai ne na farko da ya ce min haka." Na ce ya kalli hanya.

Ya fi sauƙi a faɗa wa baya. Wataƙila shi ya sa makahon bai taɓa rasa bakin magana ba.

Gwiwata ta kumbura. Mieke ta ɗora min ƙanƙara tana mita, wai an aike ni ɗauko keke na dawo da gurgunta.

Talata, 8 ga Afrilu

Keken yana garejina, ya tare wa mota hanya. Ban yanke shawarar komai a kansa ba.

Dries ya bugo, wai ranar Alhamis ba shi da aji da yamma. Ban ce e ba. Na ce a ga yadda gari zai kasance.

Ban yafe wa Odiel ba, kuma ba na jin zan yafe. Mutumin banza ne, ya san na sani. Sirdinsa ma kamar dutse, ban san yadda ya jure shi duk shekarun nan ba.

Na dai sauke shi kaɗan, kamar faɗin yatsa. Saboda gwiwa.